ROKA MAI GAƁA BIYU A HAMADAR NEBADA

A arewa maso yammacin Jihar Nebada ta ƙasar Amurka akwai wani fili da ake kira Black Rock, wanda a zamanin da tafki ne, amma ya ƙafe ya bar shimfiɗaɗɗen fako, ba itace ba gida iyakar ganin ido. A wannan fili ne, ran 1 ga watan Oktoba na 2022, wani Ba'amurke mai ƙera roka don sha'awar kansa ya harba wata roka mai gaɓa biyu da ya sa wa suna MESOS. Rokar ta yi gudun da ya ninka na sauti fiye da sau huɗu, ta kai nisan kilomita 89 da ɗoriya sama, sa'an nan na'urorin ɗaukar hoto da ke jikinta suka nuna baƙin sarari da lanƙwasar duniya. Kilomita 11 kacal suka rage mata ta kai kilomita 100, inda masana da yawa suka ɗauka a matsayin mafarin sararin samaniya.

Dalilin da ya sa ake raba roka gaɓa-gaɓa ba boyayye ba ne. Mafi yawan nauyin roka makamashi ne, kuma da zarar ya ƙone, mazubinsa ya zama kaya marar amfani, kamar salkar da ruwanta ya ƙare a hannun matafiyi. Idan aka yar da gaɓar ƙasa bayan ta gama aikinta, sai ta sama ta ci gaba da tafiya ba nauyi, ga kuma gudun da ta riga ta gada. Masanin nan na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya bayyana wannan dabara a 1929, kuma a watan Fabrairu na 1949 sojojin Amurka suka gwada ta da roka mai suna Bumper, wadda gaɓarta ta sama ta kai kusan kilomita 400.

To, amma abin da ya yi sauƙi a takarda ba lalle ne ya yi sauƙi a fili ba. Rokokin masu sha'awa galibi suna amfani da sandararren makamashi, wato haɗin garin alminiyum da wani gishiri mai ba wuta iska da kuma roba, kuma idan aka kunna shi ba ya kasuwa sai ya cinye. Gaɓar farko ana kunna ta ne a ƙasa, a gaban idon jama'a. Ta biyu kuwa dole ta kama da kanta a can sama, inda iska ta yi ƙaranci har wuta ke wuyar kamawa, kuma ba mai iya miƙa hannu ya gyara. Idan ta ƙi kamawa, wahalar shekaru ta tafi a banza. Idan kuma ta kama alhali rokar ta karkace, sai ta miƙe a kwance da gudun da ya fi na harsashi, ta nufi inda ba a yi nufi ba.

Saboda haka ne maƙera ke sa wata 'yar kwamfuta a cikin rokar, wadda ke auna tsayuwarta da gudunta a kowane lokaci. Muddin karkacewar ta wuce iyakar da aka ƙayyade, kwamfutar ba za ta kunna gaɓa ta biyu ba. Watau maƙerin ya yarda tun daga gida cewa gara ya yi hasarar tafiyar da ya jefa rayukan mutane cikin haɗari.

Ko da wutar ta kama lafiya, da sauran aiki. Gogayya da iska a irin wannan gudu takan zafafa hancin rokar da fikafikanta har su soma cinyewa. Na'urar auna nisa mai dogara da nauyin iska takan daina aiki sosai a can sama, don babu iskar da za ta auna. Laimar sauka ma ba ta buɗewa da kyau sai rokar ta gangaro inda iska ta yi kauri. Bayan duk wannan, sai an bi sawun gaɓoɓin biyu a cikin hamada an tsinto su, domin a jikinsu ne shaidar nisan da aka kai take.

Ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun ɗanɗana ɗacin wannan darasi a 2018. Sakamakon rashin fahimtar juna a wurin harbi, rokarsu mai suna Traveler III ta tashi ba a kunna na'urorinta ba, don haka laimarta ba ta buɗe ba, ta faɗo ta ragargaje, aka rasa ma'aunin nisan da ta kai. Ɗaliban suka koma suka gyara tsarin aikinsu, ran 21 ga watan Afrilu na 2019 suka harba Traveler IV a Jihar Niyu Meziko, ta kai kimanin kilomita 103, ta kuma sauko lafiya. Ran 20 ga watan Oktoba na 2024 wata rokar tasu, Aftershock II, ta kai kilomita 143 daga Black Rock, ta zarce kilomita 116 da rokar GoFast ta ƙungiyar CSXT ta kai a 2004. Abin lura shi ne, dukan waɗannan rokoki masu gaɓa ɗaya ne. Maƙeransu sun zaɓi su gina babban inji guda maimakon su dogara da kamawar wuta ta biyu, ko da yake hakan na bukatar makamashi da kuɗi da hannaye masu yawa. Mai aiki shi kaɗai kuwa, gaɓa biyu ce hanyarsa ta kaiwa nesa da ƙaramar roka.

Ba a kuma barin kowa ya yi gaban kansa. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka ce ke ba da izinin irin wannan harbi, tare da ƙayyade wuri da lokaci da iyakar nisa, don kada roka ta ci karo da jirgi. A dokar ƙasar, rokar da za ta iya wuce kilomita 150 ta fita daga sahun na masu sha'awa. Ƙungiyar Tripoli, wadda 'yan makarantar sakandare suka kafa a 1964, ita ma tana jarraba mambobinta mataki-mataki kafin ta yarda su riƙe manyan injuna.

Ɗalibin da ke ganin kamar irin wannan aiki sai manyan gwamnatoci, ya kamata ya tuna cewa rokar farko mai makamashin ruwa, wadda Robert Goddard ya harba a wata gona ran 16 ga watan Maris na 1926, mita 12 da rabi kawai ta tashi. Tsakanin wannan gona da fakon Black Rock, abin da ya yi ta ɗaga rokokin sama shi ne awo na gaskiya, da bin doka, da haƙurin komawa a gyara kuskure.