Jiniyar Kakuri

Har gobe, da ƙarfe shida saura kwata na safe jikina kan zabura, kamar jiniyar masaƙa za ta kaɗa. Shekara talatin na yi ina amsa kiranta a Kakuri, kudancin garin Kaduna, unguwar da aka kafa babbar masaƙa ta farko a 1957, zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya har wurin ya zama gari guda.

Na shiga aiki ina saurayi, gemu bai fito ba. Shara aka fara ba ni, ina kwashe ƙurar auduga a ƙarƙashin injuna. Audugar daga Funtuwa da Gusau take zuwa, an gurje ta an ɗaure dila-dila. A sashen kaɗi ake mayar da ita zare, mu a sashen saƙa mu mayar da zaren akoko, sannan masu rini da buga zane su fitar da atamfa. Aiki kashi uku ne, safe da yamma da dare, inji ba ya hutawa.

Abin da ba na iya kwatanta wa jikokina shi ne ƙarar. Ɗaruruwan injuna a zaure ɗaya, ƙoshiya na kai da kawowa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Ba mai jin maganar wani, saboda haka da hannu da leɓe muke zance. Helimanmu, wani dattijon Tibi mai haƙuri, shi ya koya mini sauraron inji. Yakan kama kunnena ya nuna layi, in tsaya har in gane wanne ne zarensa ya tsinke tun kafin in gani da ido. Maigida nake ce masa har ya bar aiki. Ranar sunan ɗana na fari, shi ya riga kowa zuwa, da kwanon shinkafa a bayan kekensa. Kunnena na hagu a zauren nan na baro shi, amma a nan na sami Bayarabe da Bajju da Ibo waɗanda muka ci abinci a kwano ɗaya.

Lokacin ƙarin albashi na Udoji na sayi keke sabo ful. In an tashi aiki, kekuna kan cika titi maƙil, masu ƙosai da masu shayi na jiran mu a bakin ƙofa, kowa da littafin bashinsa zuwa ƙarshen wata.

Lalacewar a hankali ta zo. Bayan 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Wuta ta riƙa ɗaukewa, baƙin man tukunyar tururi ya yi wuya, atamfar Sin ta fasa-ƙwauri ta cika kasuwa da arha. Aka rage aikin dare, albashi ya fara jinkiri. Wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Da yawa cikin abokaina sun rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama, kuma wannan abu yana ci mini rai har yanzu.

Bara na bi ta wurin a Keke Napep. Ciyawa ta fi tsayin mutum, an yaye rufin zauren saƙa, awaki na kiwo inda muke jera kekuna. Na ce wa yaron da ke tuƙi ya ɗan tsaya. Ya kashe injinsa, ya juyo ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce lafiya lau, mu tafi.