Na'ura na iya gane ko ɗalibi ya fahimci darasin bidiyo?

Yayin da jarrabawar BEPC da BAC ke matsowa, ɗalibbai da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai na komawa YouTube da WhatsApp don kallon darussan lissafi da kimiyya. Sai dai malamin da ke cikin bidiyo ba ya ganin fuskar kowa. A aji, mushe na ɗaga kai ya san wanda ya ɓace. A bidiyo kuwa, sai abin da ɗalibi ya rubuto masa.

Idan saƙonnin sun kai dubbai, ba mai iya karanta su duka. Shi ya sa masana ke koya wa kwamfuta aikin. Da farko mutane ne ke zama su karanta dubban jimloli, su sa wa kowace alama: wannan yabo ce, wannan kuka, wannan ba ta nan ba ta can. Daga nan na'urar ke koyon kalmomin da ke tafiya da kowane kashi, ta riƙa rarraba sababbin saƙonni da kanta.

An fara yi wa Hausa wannan aiki. A 2022 masu bincike, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe, da Hausa, Yarbanci, Igbo da Pidgin. A 2023 AfriSenti ya faɗaɗa shi zuwa harsunan Afirka 14.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan saƙonni daga Najeriya suke, inda ake gauraya Hausa da Ingilishi, kuma ba na darasi ba ne. Yaranmu da Faransanci suke gaurayawa, rabin jimla nan, rabi can. Ga gatse: "sannu da ƙoƙari" na iya zama godiya, na iya zama zagi cikin ladabi. Wanda ya rubuta "kai, abin nan ya ishe ni" wataƙila da rezo yake, ko megas ɗinsa ne suka ƙare, malamin bai yi masa komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Yaron da aka tarbiyyantar ba zai ce wa malami darasinsa bai yi ba. Zai rubuta: "Mun gode mushe, Allah ya saka, amma daga minti na shida ban gane ba." Na'ura na iya ganin godiya da addu'a ta jefa shi cikin masu yabo, alhali wannan ne saƙon da malamin ya fi buƙatar gani, domin ya nuna masa daidai wurin da zai sake bayani. Yaron kuma da wannan gibin zai shiga ɗakin jarrabawa.

Saboda haka malamin da aka nuna wa cewa yawancin ɗalibbansa sun gamsu, ya daure ya nemo saƙonnin da ke ɗauke da "amma", ya karanta su da idonsa.