Gargaɗi ga masu imel na kamfani a Maraɗi: kada ku biya kowa don a cire ku daga baƙin kundi

Jama'ar Sabon Gari, alhazan babbar kasuwar Maraɗi, masu biron ƙungiyoyi da masu makarantun kuɗi har zuwa Tibiri da Jiratawa, a saurara da kyau. Duk wanda yake da adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa ko ƙungiyarsa, wannan kira nasa ne. Idan saƙonnin da kuke aikawa sun fara dawo muku, ko abokan cinikinku na Kwatano, Dubai ko Sin suna cewa ba su ga komai ba, kada ku ce rezo ne. Sau da yawa an sa na'urar da ke tura saƙonninku ne, wato uwar garken imel, cikin baƙin kundi. Kuma galibin wanda sunansa ya shiga kundin nan, akwai ɓarawo a cikin gidansa bai sani ba.

Kowace uwar garke tana da lambarta a intanet, lambar IP. Kafin Gmail, Yahoo ko Outlook su karɓi saƙo, sai sun duba wannan lamba a nasu kundin, wasunsu har da na ƙungiyoyin da ke bin sawun masu watsa saƙonnin banza. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Spamhaus, da Steve Linford ya kafa a 1998. Abin kamar lambar babbar mota ne a wajen duwan: da zarar an rubuta cewa ta taɓa ɗaukar kayan fasa-ƙwauri, kowane shinge sai an tsayar da ita, ko da yau buhunan wake kawai ta ɗauko.

Saƙon da ya dawo muku da Turanci, kada ku goge shi. Shi ne shaidarku. A cikinsa za ku ga lamba 550 ko 554, ma'ana an ƙi saƙon gaba ɗaya. Idan lambar ta fara da 4, kamar 421, jinkiri ne kawai aka yi masa. Masu Outlook da Hotmail sukan ƙara S3150, su ce lambarku tana cikin jerin waɗanda suka toshe. A nan ne ake ganin wa ya toshe ku, da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Na taɓa buɗe uwar garken wani biro da ke kukan cewa takardun kuɗinsu ba sa isa. A layin saƙonnin da ke jiran fita akwai dubbai, duk da sunan sakataren gidan, ana yi wa mutanen ƙasashen da bai taɓa zuwa ba albishir ɗin sun ci caca. Tsakar dare ake tura su, lokacin da biron ke kulle. Kalmar sirrinsa sunan kamfanin ce da shekara a bayanta, kuma tana rubuce a wata ƴar takarda da aka manna a gefen kwamfutar. Bawan Allah bai aika ko ɗaya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tamu sananniya ce: kalmar sirri mai sauƙin cinta, shiga imel a siber a tashi ba a rufe ba, manhajar sata mai ɗauke da ƙwayar cuta, da shafin intanet da aka gina aka manta da shi shekara da shekaru ba gyara.

Ga inda nake so ku fi buɗe kunne. Da zarar hankalin ɗan kasuwa ya tashi, sai masu cin kasuwar ruɗani su bayyana. Wani zai kira ku a salula ko ya rubuto ta WhatsApp, ya ce shi wakilin Google ne ko na Spamhaus, a turo jika kaza ya cire ku yau-yau. Ƙarya ce. Spamhaus ba ta karɓar ko dala don cire lamba, haka Microsoft, haka Google. Kundin SpamCop ma shi yake cire lamba da kansa bayan kimanin awa 24 idan ƙorafi ya tsaya. Akwai wasu ƙananan kundaye da ke neman kuɗi don cirewar gaggawa, amma su ma suna sakin lamba kyauta idan aka yi haƙuri kwanaki, kuma biyan su ba zai buɗe muku ƙofar Gmail ko Outlook ba. Ku biya ma'aikacin da ya zauna ya gyara muku na'ura, wannan haƙƙin guminsa ne. Wanda ya ce yana da hanya a ciki, ko ya nemi ku karanta masa kalmar sirri a waya, ku katse kiran.

Kada kuma ku yi gaggawar neman a cire ku kafin ku kori ɓarawon. Wanda aka cire yau, daren nan na'urarsa ta ci gaba da aman shara, gobe zai koma kundin, kuma cirewa ta biyu ta fi ta farko wuya. A fara dakatar da fitar saƙo. A share layin da ya taru. A canza kalmar sirrin kowa da kowa, daga mai gida har ɗan aike, daga kwamfuta mai tsabta, a kuma kunna tabbaci mai mataki biyu inda ya yiwu. A duba ko an dasa wata doka a akwatin da ke tura kwafin saƙonninku zuwa adireshin da ba ku sani ba, domin ɓarayi suna yawan barin wannan a baya. Sai an gama duk wannan za a shiga shafin wanda ya toshe, a sa lambar IP, a faɗi gaskiyar abin da ya faru da gyaran da aka yi, a taƙaice, ba zagi, ba magiya.

Wani lokaci laifin ba naku ba ne. Masu hayar wuri mai araha a intanet suna raba lamba ɗaya da ɗaruruwan mutane, ɗaya ya ɓata, kowa ya sha. A nan kamfanin da ya ba ku haya ne zai nemi cirewar. In ya yi burus, ku kwashe kayanku. Haka wanda ya ajiye uwar garke a bironsa kan layin intanet na gida ko na salula, ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms: galibi a duniya ba a yarda irin waɗannan lambobi su tura imel kai tsaye, kuma Spamhaus tana da jeri na musamman dominsu mai suna PBL, wanda ba tuhuma ba ne. Maganinsa a riƙa tura saƙo ta uwar garken kamfanin imel da aka sani.

Ƙa'idoji ma sun tsananta. Tun Fabrairun 2024, Google da Yahoo suna neman kowane mai aikawa ya kafa aƙalla ɗaya daga cikin hatiman da ke tabbatar da cewa saƙo daga gare shi yake, SPF ko DKIM. Mai tura saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya haɗa duka biyun da DMARC, ya sa maɓallin daina karɓa, kuma ƙorafi a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Microsoft ta bi sahu a Mayun 2025. Ƙungiyoyi da makarantun da ke tattara adireshin mutane a wurin taro su yi ta aika musu sanarwa ba da izininsu ba, ku sani da hannunku kuke rubuta sunanku a kundin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wanda ya shiga akwatinka har ya tura saƙo da sunanka yana iya karanta naka. Yana ganin takardar kuɗin da za ka aika wa abokin ciniki, ya canza lambar asusun banki, ya tura da sunanka, kuɗin ya tafi. Don haka ranar da kuka gano an shiga, ku kira duk wanda ke tsakaninku da shi da biya, da murya, ku gaya masa kada ya tura ko sisi zuwa sabon asusu sai ya ji daga bakinku. Idan an riga an yi asara, ku sanar da banki nan take, ku kai ƙara komisariya da kwafin saƙonnin. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, kuma kutse cikin na'urar wani yana cikinta.

Alhaji, Hajiya, malam mai siber, kada a bari sai gobe. Yau ku kira mai kula muku da kwamfuta, ya duba lambarku a shafin Spamhaus, ya canza kalmomin sirri a gabanku. Wanda ya karanta, don Allah ya sanar da maƙwabcin shagonsa.