Ladubban Cajin Batir a Ƙasar Azbin

Motar da ta bar Agadas ta nufi Dirku ko Bilma, ta kutsa cikin Tenere inda babu gareji balle bakanike, lalle rayukan mutanen da ke cikinta, bayan kiyayewar Allah Maɗaukakin Sarki, sun rataya ne ga abubuwa ƙalilan, cikinsu kuwa har da akwatin nan na darma da ruwan asid wanda asalinsa ƙirƙirar wani Bafaranshe ce, Gaston Planté, a shekarar 1859. Saboda haka wajibi ne mai mota ya san hukuncin cajar da ke mayar wa batir ƙarfinsa, domin jahiltarta ta halaka batura fiye da yadda tsufa ya halaka.

Aikin caja shi ne ta karɓi wutar gida mai bolt 220, irin wadda ake samar wa garin daga kwal ɗin Anu Araren kusa da Cirozerin, ta sassauta ta zuwa bolt 14 da 'yan kai, gwargwadon abin da ɗakunan batir shida za su iya ɗauka. Ƙa'idar masana kuwa ita ce a ba batir ushirin abin da aka rubuta a jikinsa: mai lamba 70 a ba shi amfiya 7, a bar shi ya kwana yana sha sannu a hankali, kamar yadda ake shayar da raƙumin da ya daɗe bai ga rijiya ba. Amma direban da fasinja suka matsa wa yakan ce wa mai caji, "Maigida, ƙara mata wuta, sauri nake yi," alhali wutar da ta wuce kima tana tafasa ruwan, ta lanƙwasa farantan darma, musamman a watannin Mayu da Yuni da zafi ke haura digiri 40, lokacin da ruwan batir ke ƙafewa ko ba a taɓa shi ba. A ganina mai cajin da ya amsa wannan roƙo ya ci amanar sana'arsa.

Tartibin aikin ba shi da wuya. A buɗe murafai idan batir mai murfi ne, a duba ko ruwa ya rufe farantai, in ya ragu a ƙara tataccen ruwa na kwalba, ba na rijiya ba, saboda gishirin da ke cikinsa. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunan batir, a maƙala jan baki a kai mai alamar tarawa, baƙin a ɗayan, sannan a kunna. In an gama a kashe kafin a cire. Hikimar wannan jeri ita ce batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da ƙyastu ɗaya, don haka a nisantar da taba da gawayin shayi daga wurin, a kuma yi aikin a inuwar da iska ke ratsawa.

Ita kanta caja babbar abokiyar gabarta ƙurar hunturu ce, wadda ke toshe ƙofofin iskarta har fankarta ta gaza, wayoyin ciki su ƙone. Sai a riƙa hure ta, a ɗora ta kan benci, a lulluɓe ta bayan ta huce. Kada kuma a manta da duba makunninta kafin aiki, domin manyan motocin kaya bolt 24 suke ci, kuma sau da yawa yaron gareji yakan bar ta a kan 24, ya zo ya ɗaura wa batirin Hilux mai 12.