Kafin Ka Dangwala: Wa Ya Cancanci Takara, Wa'adin Wa Ya Ƙare?

A ranar 24 ga Mayu, 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabuwar gwamnati, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da jam'iyyar APC ta samu a Zamfara. Mukhtar Shehu Idris, ɗan takarar APC mai ƙuri'a sama da dubu 500, bai hau kujerar gwamna ba. Bello Matawalle na Maradun, wanda tasa ba ta kai dubu 200 ba, shi aka rantsar. Kujerun sanata uku, na majalisar wakilai bakwai da na majalisar jiha 24 duk suka kuɓuce wa jam'iyyar a zama ɗaya. Kotu ba ta taɓa batun maguɗi a rumfar zaɓe ba. Cewa ta yi ba a gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba, sakamakon rikicin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa, saboda haka a idon doka jam'iyyar ba ta tsayar da kowa ba.

Mutanen Talata Mafara, Bakura da Maradun ba baƙin siyasa ba ne. Daga cikin gwamnoni biyar da aka zaɓa a jihar tun 1999, uku nasu ne: Yariman Bakura, Yari da Matawalle. Amma duk da wannan gogewa, idan aka sauko kan kujerar ciyaman da kansila, sai ka ji ana musu a majalisar shayi kan abin da doka ba ta faɗa ba.

Musu na farko kan wa'adi ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya fayyace na gwamna a sashe na 182: wanda aka zaɓa sau biyu ba ya sake tsayawa. Game da ciyaman kuwa, bai yanka shekaru ba, bai kuma ce sau nawa zai yi ba. Sashe na 7 ya ce dai dole a tafiyar da ƙananan hukumomi ta hannun zaɓaɓɓu, ya bar wa majalisar kowace jiha ta yi dokar tsarinsu. Da Majalisar Tarayya ta nemi ƙara wa ciyamomi wa'adi daga shekara uku zuwa huɗu a Dokar Zaɓe ta 2001, gwamnatocin jihohi suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce a 2002 ba huruminta ba ne, in ban da yankin Abuja. Ke nan tsawon zaman ciyaman na Bakura, da ko yana da damar tazarce, a dokar da majalisar Gusau ta yi suke rubuce. Duk wanda ya ce maka "ai shekara huɗu ne kamar gwamna", ka ce ya nuna maka sashen.

Abin da ya kamata a sa wa ido shi ne taɓa wannan doka ana tsakiyar tafiya. A Ribas, a 2024, majalisar jiha ta yi wa ciyamomi ƙarin wata shida, gwamna ya ce wa'adinsu ya ƙare, aka zub da jini, 'yan sanda suka garƙame sakatariyoyi. Akasin haka ma laifi ne. A Katsina, gwamnatin Aminu Masari ta rushe zaɓaɓɓun ciyamomin PDP a 2015; sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, ta umarci a biya su haƙƙoƙinsu. Ko an biya kuɗi, shekarun da jama'a suka zaɓe su su yi sun riga sun wuce. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, ya ƙara ɗaure zancen: gwamna ba shi da ikon sauke zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, kuma kuɗin ƙananan hukumomi 774 su tafi hannunsu kai tsaye. Bayansa ne jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. Zamfara, wadda ta shafe shekaru a hannun kantomomi, ta yi nata a Nuwamban 2024, PDP ta kwashe kujeru 14 duka, kamar yadda APC ta kwashe su a zaɓen 2019 lokacin tana kan mulki.

Wannan kwashewa tana gaya mana wani abu. Gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha, ZASIEC, kuma a kusan kowace jiha jam'iyya mai mulki ce ke cinye komai. A ganina, ainihin zaɓen ciyaman yana ƙarewa ne ranar da jam'iyya ta fitar da ɗan takara, ko ta ƙuri'ar deliget, ko ta maslaha, ko ta ɗauki-ɗora. Mai son yin magana kan cancanta, a nan ya kamata ya yi ta. Tun ran gini ran zane.

To mece ce cancantar? Sashe na 7(4) ya ce duk wanda ke da damar tsayawa takarar majalisar jiha yana da damar tsayawa a ƙaramar hukuma. Sashe na 106 ya zayyana sharuɗɗan majalisar: ɗan Najeriya, mai shekara 25 (an rage daga 30 a 2018), mai ilimin sakandare ko daidai da shi, wanda jam'iyya ta tsayar. Bai ambaci asalin kakanni ba, bai ambaci digiri ba. "Daidai da shi" ɗin nan ma yana da faɗi: sashe na 318 ya haɗa da shaidar malanta ta Giredi Tu, har da takardar firamare idan an haɗa ta da shekara goma na aiki da iya karatu da rubutu da Turanci, tare da wasu sharuɗɗa. Don haka ƙarancin boko ba kasafai yake kayar da mutum ba. Ƙarya a takarda ce ke kayarwa.

A Bayelsa, ranar 13 ga Fabrairu, 2020, ana gobe rantsuwa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamna saboda takardun mataimakinsa suna ɗauke da sunaye mabambanta. Wannan ya shafe mu sosai. Mutum nawa ne a yankinmu aka rubuta musu sunan gari a firamare, sunan uba a sakandare, sunan kaka a katin zaɓe? Ba da mugun nufi aka yi ba, amma lauyan abokin hamayya ba ruwansa da nufi. Kuma lura, laifin mataimaki ya ci mai gidansa, don haka a binciki takardun mataimakin ciyaman kamar yadda ake binciken na ciyaman.

Sashe na 107 ya hana wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara goma kafin zaɓe, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda kotu ta tabbatar ya karye da bashi. Sharaɗin da ya fi kama namu shi ne na ma'aikacin gwamnati: dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Malamin firamare, ma'aikacin asibiti ko na sashen gona da ke neman kansila yana ci gaba da karɓar albashi, ya ba abokin hamayyarsa makami.

Ƙorafi kuma yana da lokaci. A zaɓukan da INEC ke shiryawa, kwana 14 kacal tsarin mulki ya bayar a shigar da ƙarar abin da ya faru kafin zaɓe. Zaɓen ƙaramar hukuma yana bin ƙa'idar dokar jiha, wadda ya kamata ɗan takara da magoya bayansa su nema su karanta tun kafin sayen fom. Idan sunayen 'yan takara suka fito, dattawan mazaɓa da shugabannin jam'iyya su zaunar da nasu, su ga takardun da idonsu: suna ɗaya ne ko an yi rantsuwar gyara a kotu, shekarun haihuwa sun dace da juna, kuma takardar ajiye aiki tana ɗauke da hatimi da kwanan watan da aka karɓe ta.