Romon da ake kiwon ƙwayoyin jikin ƙwari da shi



Manoman masara sun san wata baƙuwar tsutsa. Tana shiga can cikin ƙoƙon masara, ta huhhuda ganye, ta bar kashinta kamar dussa. Asalinta ƙasashen Amurka ne. A shekara ta 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma, daga nan ta bazu. A gona abokiyar gaba ce. Amma akwai wuraren da ake kiwon wani ɗan yanki na jikinta cikin kwalba, ana ba shi cimaka, ana tattalinsa, har a sami allurar rigakafi daga gare shi. Yau bisa wannan cimaka za mu yi magana.

Mu fara daga tushe. Ɗaki da tubali ake gina shi. Haka jikin mutum, da na bisashe, da na ƙwaro, duk da wasu ƴan ƙananan abubuwa masu rai aka gina su. Sunansu ƙwayoyin jiki. Ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Kowace ƙwaya tana ci, tana girma, ta rabu biyu. A cikin jiki, jini ne yake kawo mata abinci. To, in an fitar da ita daga jiki aka sa cikin kwalba, wa zai ciyar da ita? Dole a haɗa mata wani ruwa da zai tsaya a matsayin jini. Mu kira shi romo.

Masana sun daɗe suna gwadawa. Su sa ƙwayoyin jikin ƙwaro cikin romon da aka yi domin ƙwayoyin dabba, su yi ƴan kwanaki su mutu. Dalili shi ne jinin ƙwaro dabam yake da namu. Ba ja ba ne, ruwan ɗorawa ne ko kore-kore, kamar yadda kuke gani in kun murƙushe fara.

Wata mata mai bincike a ƙasar Kanada, sunanta Silver Wyatt, ita ce ta bi hanyar da ta dace. An auna jinin tsutsar siliki, an ga abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta haɗa romo bisa wannan awo a shekara ta 1956. Sai wani masani na ƙasar Ostareliya, Thomas Grace, ya ɗauki aikinta ya gyara, ya ƙara bitamin. Ya ciro ƙwayoyin jiki daga wani babban faɗa-wuta wanda tsutsarsa ganyen turare take ci. I, itacen turaren nan da ake dasawa a garuruwanmu, ai daga Ostareliya ya fito. Grace ya yi watanni da dama yana canza romo, ƙwayoyin suna nan shiru, kafin su soma haihuwa. A shekara ta 1962 ya ba da labarin nasara: ƙwayoyin suna ta rabuwa ba tsayawa. Har yau ana saida wannan romo da sunansa.

Me ke cikinsa? Na farko ruwa mai tsabta ƙwarai. Sai sukari, kusan garam 27 a kowace litar, irin wanda muke sa wa shayi, da wasu irin sukari biyu kaɗan kaɗan. Sai amino asid wajen iri 20, su ne guntayen da ƙwaya take harhaɗawa ta gina jikinta. Sai bitamin, sai gishiri. Wajen gishirin nan ne abin yake da ban sha'awa. Jininmu gishirin miya ya fi yawa a cikinsa. Ita kuwa tsutsa mai cin ganye, jininta ya fi yawan fotasiyom da maganiziyom, domin su ne suka yi yawa a cikin ganye. Fotasiyom kun san shi ko ba ku san sunansa ba: yana cikin tokar kara, yana cikin takin zamani. Saboda haka romon Grace kusan babu gishirin miya a ciki. Kuma yana da ɗan tsami. A ma'aunin tsami, ruwa zalla yana kan 7, jinin mutum 7,4, romon ƙwari wajen 6,2. Lamba in ta yi ƙasa, tsami ya ƙaru ke nan.

Duk da haka romon bai isa shi kaɗai ba. Grace sai da ya riƙa zuba ɗan jinin ƙwaro na gaskiya a ciki. Wannan kuwa wahala ce babba. Tsutsa nawa za a tatsa kafin a cika kofi guda? Ga shi jinin ƙwaro in ya sha iska sai ya yi baƙi ya zama guba ga ƙwayoyin, sai an ɗan ɗumama shi tukuna kafin a yi aiki da shi.

A shekara ta 1970 wani masani na Amurka, Fred Hink, ya fito da gyararren romo. An ƙara ruwan yis, wato abin nan da masu burodi suke sa wa ƙullu ya kumbura, da sinadarin madara, da ruwan jinin ɗan tayin saniya. Ruwan jinin, kamar kashi 10 cikin 100 ake zubawa. Ƙwayoyin sun so shi. Amma shi ma da nasa aibu. Yana da tsada. Na wannan kwalba ba ya zama daidai da na waccan, domin saniya da saniya ba ɗaya ba ne. Kuma yana iya ɗauko cuta daga dabba. Bayan an gano ciwon haukan shanu a Ingila a shekara ta 1986, masu yin magani sun ƙara gudun duk abin da ya fito daga jikin saniya.

A ƙarshen shekarun 1980 aka soma yin romo wanda babu jini ko ɗigo. Da aka cire jinin ne aka ga irin aikin da yake yi a ɓoye. Ƙwari ba sa iya yin wani irin kitse mai suna kolestarol da kansu, sai sun ci. Dole aka zuba shi, tare da mai na hantar kifi. Kuma ƙwayoyin suna buƙatar iska, shi ya sa ake girgiza kwalbar dare da rana, manyan tankuna kuwa ana hura musu iska. Kumfa in ta fashe tana fasa ƙwayoyin. Sai aka ƙara wani sinadari mai suna Pluronic F-68, wanda yake kare su kamar riga. A ganina wannan mataki ya fi duk na baya amfani, domin yanzu mai aiki ya fi sanin abin da ke cikin tukunyarsa.

Kiwon yana da dokoki. Zafin da suke so digiri 27 ne, ba 37 irin na jikin mutum ba. Zafinmu na bazara, ko a inuwa, kashe su zai yi. Cikin kwana guda sukan ninka yawansu, shi ya sa bayan kwana uku ko huɗu ake ɗiban kaɗan a sa cikin sabon romo. Ba a dafa romon, domin wuta tana lalata bitamin. Tace shi ake yi da matata mai ƙananan huji ƙwarai, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Tsabta ita ce kan gaba. Ƙwayar ƙazanta guda in ta faɗa ciki, tana iya rabuwa biyu kowane rabin awa, kafin gari ya waye romo ya gurɓace, aikin makonni ya tashi a banza.

Mu koma ga tsutsar masara. A shekara ta 1977 masana a Amurka suka ba da labarin ƙwayoyin da suka ciro daga jikinta suka raya. Jikokin waɗannan ƙwayoyi, masu suna Sf9, suna ɗakunan bincike na ƙasashe da yawa. Akwai wata ƙwayar cuta ta tsutsotsi, ana ce mata bakulobirus, ba ta sa wa mutum ko bisashe ciwo. A shekara ta 1983, a jihar Tekzas, aka gano yadda za a ɗora mata saƙo ta kai cikin ƙwayar jikin ƙwaro, ƙwayar kuma ta riƙa ƙera sinadarin da ake so. Ta haka aka yi allurar Flublok ta rigakafin mura mai tsanani, wadda Amurka ta amince da ita a 2013, da allurar korona ta kamfanin Novavax. Allurar Cervarix ta rigakafin ciwon daji na bakin mahaifa, wadda ta fito a 2007, ita daga ƙwayoyin wata tsutsa mai cin kabeji aka yi ta.

Wani zai ce: ashe tsutsa ake tsira mana? A'a. Bayan ƙwayoyin sun gama aiki, ana tace ruwan sau da yawa, a raba sinadarin da ake so da romo da ƙwayoyin. Shi ne ake aunawa, a duba tsabtarsa, kafin a zuba shi cikin ƴar kwalbar da ake kaiwa likita.