Yaushe Dimokuraɗiyya Ke Mutuwa? Yadda Masana Ke Auna Tashinta Da Faɗuwarta

A ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka kutsa fadar shugaban ƙasa a Yamai, suka kama Shugaba Mamadou Tandja yana tsaka da taron ministoci. Mai rubuta tarihi a gurguje zai ce a ranar ce dimokuraɗiyyar Nijar ta faɗi. Sai dai tun a watan Mayun 2009 Tandja ya rushe majalisar dokoki. A watan Yuni ya rushe kotun tsarin mulki, bayan ta ce ƙuri'ar raba-gardamar da yake shiryawa ta saɓa doka. Ranar 4 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'ar, ta ba shi tazarcen shekara uku. Su kuwa sojojin da suka kifar da shi, cewa suka yi gyara suka zo yi, kuma a 2011 suka shirya zaɓe suka miƙa mulki ga farar hula. To wace rana za a rubuta a matsayin ranar mutuwar? Ta rushe majalisa, ta korar alƙalai, ko ta ƙarar bindiga?

Irin wannan tambaya ce masana kimiyyar siyasa suka shafe fiye da shekara 60 suna kai-kawo a kanta. Da farko hankalinsu ya tafi ne ga abin da ke haifar da dimokuraɗiyya. Daga baya ya karkata ga abin da ke kashe ta.

Arziki ne, ko sulhun manya?

A 1959 Ba'amurke Seymour Martin Lipset ya kawo ra'ayin da ya daɗe yana tashe: iya wadatar ƙasa, iya yiwuwar dimokuraɗiyya ta zauna mata. Hujjarsa ita ce ilimi da zaman birni da yawaitar masu matsakaicin hali suna sa mutane su ƙi a mulke su da sanda. Amma Indiya ta riƙa yin zaɓe tun farkon shekarun 1950 cikin baƙin talauci, ga kuma ƙasashen Larabawa masu man fetur da kuɗi jibge ba tare da zaɓen shugaba ba.

A 1997 Adam Przeworski da Fernando Limongi suka bi alƙaluman ƙasashe sama da 100 shekara bayan shekara, suka gyara maganar. Suka ce arziki ba ya kawo dimokuraɗiyya, amma idan ta riga ta zo yana tsare ta. A cikin bayanansu babu dimokuraɗiyyar da ta rushe a ƙasar da kuɗin shigar kowane mutum ya haura dala 6,055 a shekara, wato matakin da Ajantina take a 1975, shekara guda kafin sojoji su ƙwace mulkinta.

Wasu masanan suka ce a bar lissafin aljihu, a dubi mutanen da ke riƙe da madafun iko. Guillermo O'Donnell da Philippe Schmitter, waɗanda suka nazarci Kudancin Turai da Latin Amurka a 1986, sun ce sauyi yana farawa ne ranar da kan masu mulki ya rabu: masu taurin kai a gefe, masu sassauci a gefe, sannan masu sassaucin su ƙulla yarjejeniya da 'yan adawa. Haka aka yi a Sifen bayan mutuwar Janar Franco a 1975. Samuel Huntington kuma a 1991 ya ce abin zuwa yake kamar igiyar ruwa, ya taso ya janye, kuma igiya ta uku ta fara ne daga Fotugal a 1974.

Da aka auna ra'ayin sulhun manya da Afirka sai ya gaza. Michael Bratton da Nicolas van de Walle sun nuna a 1997 cewa a nan daga ƙasa wutar ta taso: ma'aikatan da aka riƙe wa albashi, ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago ne suka cika tituna. Su suka tilasta wa shugaban Benin Mathieu Kérékou kiran babban taron ƙasa a Kwatano a Fabrairun 1990, Nijar ta yi nata a 1991. Inda mulki ya ginu a kan rabon muƙami da kwangila ga 'yan barandan shugaba, ba ya sakin wuya sai baitulmali ya bushe.

Kisan mummuƙe

A 2016 Nancy Bermeo ta ja hankali ga wani sauyi: juyin mulki irin na da da satar akwati a fili sun ragu tun bayan Yaƙin Cacar Baka, amma zaɓaɓɓun shugabanni sun koyi raunana masu taka musu birki ta hanyar doka. Hungari ce misalin da aka fi kawowa. A 2010 jam'iyyar Viktor Orbán ta samu kashi biyu cikin uku na kujerun majalisa, ta rubuta sabon kundin tsarin mulki a 2011, ta rage shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62, wanda ya tilasta wa da yawansu barin aiki. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kamar gara ce a jikin azara: rufi yana nan tsaye, ciki kuwa ya zama gari.

Steven Levitsky da Daniel Ziblatt sun ƙara da cewa, a littafinsu na 2018, takardar tsarin mulki ita kaɗai ba ta tsare kowa. Sai 'yan siyasa sun yarda abokin hamayya ba maƙiyin ƙasa ba ne, sun kuma kame daga amfani da duk ikon da doka ta ba su don murƙushe shi. Ko da yake juyin mulkin da aka yi a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar da Gabon tsakanin 2020 da 2023 ya nuna tsohuwar hanyar ba ta rufe ba.

Da wane ma'auni?

A nan ne gardama ta fi zafi. Przeworski ya zaɓi ma'auni mai sauƙi: dimokuraɗiyya ita ce tsarin da jam'iyya mai mulki ke iya faɗuwa zaɓe ta kuma sauka. Huntington ya ce sai hakan ya faru sau biyu kafin a ce ta kafu. A wannan lissafi Gana ta ci jarrabawa a 2000 da 2008, Najeriya kuwa ta yi karon farko a 2015, lokacin da Goodluck Jonathan ya amince da kaye. Raunin ma'aunin shi ne ba ya ganin ɗan jaridar da aka tsare ko alƙalin da aka tsorata.

Don cike wannan giɓi, ƙungiyar Freedom House ta Amurka tana ba ƙasashe maki kan 'yancin siyasa da na walwala tun farkon shekarun 1970. Cibiyar V-Dem ta Jami'ar Gothenburg a Suwidin tana tattara hukuncin dubban masana kan ɗaruruwan tambayoyi, har ta koma da lissafinta zuwa 1789. Rahotanninta na baya-bayan nan suna cewa mafi yawan mutanen duniya suna zaune ne ƙarƙashin mulkin kama-karya. Amma Andrew Little da Anne Meng sun ƙalubalanci hakan a 2024. Da suka ƙirga abubuwan da ido ke gani, kamar sau nawa shugaba mai ci yake shan kaye, ba su ga wata gagarumar koma-baya ba, suka ce ta yiwu labaran fargaba sun shafi hukuncin masu ba da makin. Masu V-Dem suka mayar da martani cewa ɓarnar zamanin nan an tsara ta ne don kada ƙirga ta kama ta.

Hanya ta uku ita ce a tambayi talaka da bakinsa. Afrobarometer tana yin haka gida-gida tun 1999, kuma tana yawan samun cewa mafi yawan 'yan Afirka sun fi son dimokuraɗiyya, amma waɗanda suka gamsu da yadda ake gudanar da ita ba su kai haka ba. A Amurka kuma gwajin Matthew Graham da Milan Svolik na 2020 ya gano cewa ƙalilan ne ke juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya don ya taka ƙa'idar dimokuraɗiyya.

Darasin da ke cikin wannan duka shi ne kada a jira ranar zaɓe ko sanarwar soja a rediyo kafin a yi hukunci. A Fabrairun 2024 Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓen Senegal, majalisar tsarin mulki ta ce bai halatta ba, ya bi umarni, aka yi zaɓe a Maris, ɗan adawa Bassirou Diomaye Faye ya ci. Duk mai son sanin lafiyar dimokuraɗiyyar ƙasarsa, ya sa ido a kan wa ke naɗa shugaban hukumar zaɓe, wa ke iya tsige alƙali, da abin da shugaba ke yi ranar da kotu ta ce masa a'a.